Tsamiyar Gwaggo a Gonar Yaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Gwaggo cikin bazarar bara, da sanyin safiya, kanta a cinyar 'yarta. Yayar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a 'yan ɗakinsu, kuma a duk ƙauyenmu na ƙasar Kunci babu wanda ya kai ta shekaru. Ni a Minjibir nake aure, jinyarta ce ta kawo ni gida, shi ya sa aka yi komai a kan idona. Shekara ta zagayo ina jin yadda ake ba da labarinta, kowa yana rage wani abu, har na ji tsoron wata rana a ce ai wata rigimammiyar tsohuwa ce mai son itace, a tashi. To ni ba zan yarda ba.

Ranar da ta rasu, kafin rana ta yi zafi gidan ya cika da mata. Zaman makoki kuwa, in mutum yana son jin abin da ke cikin mutane, ya samu bakin ƙofa ya yi shiru. Wata maƙwabciya tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Allah ya jiƙanta, akwai faɗa amma babu riƙo." Ƙarya ce, akwai riƙo, ni shaida ce. Wata ta yi ƙasa da murya tana tambayar wa zai raba tsamiyar azumi bana. Wasu amaren unguwa biyu, waɗanda ko hanyar rafi ba su gama sani ba, suka haɗa kai suna raɗa, wai yanzu mutanen tsamiya sun rasa mai kai musu gaisuwa, Allah ya sa kada su biyo sawu su shigo gari. Na juya na zuba musu ido har sai da suka sunkuyar da kai.

Wadda ta karya mini zuciya ƙawarta ce ta ƙuruciya, tsohuwa, idonta ya daɗe da tafiya. Ba ta yi kuka ba. Ta laluba bango ta zauna a bakin ɗaki, ta ce, "Shi ke nan. Yau babu wanda ya san inda aka binne cibiyata."

Bari in faɗi maganar tsamiyar nan tun yanzu, don kowa ya san babu aljani ko ɗaya a cikinta. 'Ya'yan Gwaggo ne a ƙarƙashinta, su huɗu.

Garin da muke zaune yanzu ba shi ne garin ba. Na asali yana gangare, kusa da rafi, inda yanzu ake kira kufai, kuma babu komai can sai gonaki. Can aka haifi su Gwaggo, can aka aurar da ita, gida da gida. A wancan zamanin idan ƙaramin yaro ya rasu ba a kai shi maƙabarta, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi, cikin gida. Shekarar da ƙyanda ta shiga gari ta ɗauke mata uku kafin a yi girbi, ɗanta na fari da tagwaye. Na huɗun ya zo daga baya, ko suna ba a yi ba ya koma. Duk a bayan ɗakinta aka sa su, gindin wata tsamiya da mijinta ya tarar a gidan. 'Ya mace ɗaya ce ta rayu mata, taubashiyata, wadda ke aure yanzu wajen Watari.

Da aka fitar da titi ta tudu, aka haƙa rijiyar burtsatse a can, mutane suka riƙa zarewa gida-gida suna komawa bakin hanya. Katangu suka zube, aka baje su aka yi shuka a kai, don kowa ya san babu ƙasa mai ƙarfi kamar ta kufai. Da mijin Gwaggo ya rasu, mahaifinmu ya sayi filin gidan ya haɗa da gonarsa. Ita kuwa ta faɗa a gaban mai unguwa da shaidu cewa ƙasa ta sayar, tsamiya ba ta sayar ba. Baƙo zai ji abin banbaraƙwai, amma haka muke yi: gona ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Mace tana gadon ɗorawa a gonar mutumin da ko gaisawa ba sa yi, kuma ba shi da ikon taɓa ko reshe ɗaya.

Gwaggo ba ta yi karatu ba, na allo ma sai abin salla. Tarihin garin a jikin itatuwa ta ajiye shi. In kuka kama hanyar rafi da ita, tana dogara karan dawa don ta ce sanda ta tsofaffi ce, to kun shiga uku, ba za ku isa da wuri ba. "Kin ga kukar can mai karkataccen wuya? Gidan maƙera ne, su suka fara sauka a garin nan. Ɗorawar can ƙofar gidan liman ce. Inda kika ga gyaɗar nan rimi ne da, a gindinsa kasuwa take ci, marina suna gabas da shi. Har yau in an yi huɗa mai zurfi garma tana tono shuɗiyar ƙasa." Takan ce rafin da muke tsallakewa yanzu da takalmi a ƙafa, da har kada gare shi a gurbi, da rani ma ba ya ƙafewa. Giginya da goruba sun rufe fadama, kura tana kuka a bayan gari, mata ba sa zuwa itace sai su uku su huɗu. Ba a yin shuka, in ji ta, sai an ga shamuwa ta ɗora sheƙa a kan rimin kasuwa, kuma shekarar da aka sare rimin shamuwa ta zo ta yi ta kewaya gari ta wuce. Mukan yi dariya mu ce Gwaggo ta fara. Ni dai na tarar da kanya da ɗinya, na sha har cikina ya murɗa, kuma a gabana suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Kowane itace da halin da ta ba shi. Gawo mai kunya ne: "Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi tufafi ya ciyar da awaki." Darbejiya kuwa ba ta taɓa zama a inuwarta ba, ko rana za ta narka ta. "Baƙuwa ce, jiya-jiya aka kawo ta, ba ta san kowa ba." Mutane ma da itace take kiransu. In ka gaishe ta ba ta tambayar sunan ubanka, sai ta ƙare maka kallo tana tauna goro, ta ce, "Kai jikan gindin kanya ne, ga goshin nan."

Kowace Juma'a da hantsi takan ɗauki tsintsiya ta gangara kufai. Ta share gindin tsamiya, ta tsince ƙaya, ta zauna ta ja carbi, ta dawo. Abin da ya jawo mata zancen aljanu ke nan. Har wani mai wa'azi ya taɓa tare ta a hanya ya ce ta ji tsoron Allah ta bar bautar itace. Ta ce, "Ɗan nan, uwarka tana da rai?" Ya ce tana nan. Ta ce, "Je ka tambaye ta ko ta taɓa binne ɗa, sannan ka dawo mu yi karatun." 'Ya'yan tsamiyar kuma ba ta sayarwa. Ta sa a kaɗe, ta ɓare, ta dunƙula curi-curi, kafin azumi kowane gida ya samu na kunu, har gidajen masu cewa da aljanu. Ban taɓa jin wanda ya maido nasa ba.

Ni ban san wurin da gaske ba sai da na rasa ɗana na fari. An dawo da ni gida wankan jego, nono yana zuba babu mai sha. Kowa ya shigo sai haƙuri, haƙuri, har na tsani kalmar. Gwaggo ba ta ce mini haƙuri ba. Ranar Juma'a ta leƙo ɗaki ta ce, "Tashi ki riƙe mini tsintsiya." Inna, mahaifiyata, ta ce mai jego ba ta fita. Gwaggo ta ce, "Wannan za ta fita." Muka je. Ta nuna mini da karan dawarta, daga gindin itacen zuwa inda inuwar hantsi ta tsaya: nan na fari, mai son kunu; nan tagwaye, gefe da gefe; can wanda ba a raɗa wa suna ba. Babu tudu, babu fasasshiyar tukunya, ƙasa ce shimfiɗe, amma ita tana taka wurin kamar mai tsallake masu barci. Ta ce, "Ba ya wucewa, kada a ruɗe ki. Sai dai ki samu inda za ki riƙa ajiye shi, ki koma gida ki yi tuwo." Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka ɗauke shi daga hannuna. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tsince mata tsamiyar da ta faɗo.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gona, yankin kufai ya faɗo wa Yaya, babban wanmu. A nan fa aka fara. Zan yi masa adalci ko da ina jin haushinsa. Gonar da mahaifinmu ya noma shi kaɗai an yanka ta tsakanin maza biyar, rabon Yaya in ka tsaya a wannan iyaka ka yi magana, na waccan iyakar zai amsa maka. A ƙasarmu babu daji, babu saura, gona tana gogar gona tun daga bayan gida har garin gaba. Tsamiya kuwa ba gawo ba ce, ƙarƙashinta ko ciyawa ba ta yin kirki. Duk damina yana kallon wannan fili fayau a tsakiyar geronsa, ga yara, ga rumbu yana ƙarewa tun kafin a yi shuka. Ya roƙe ta, ya aika dattawa, ya ce zai dasa mata mangwaro a ƙofar gida ya riƙa ba shi ruwa da kansa. Ta ce, "Wa na ajiye a gindin mangwaro?"

Sai wata bazara, wajen sharar gona, ya tara kara da tushiya a jikin tsamiyar ya sa wuta. Haka ake kashe itacen da ba a da ikon sarewa, a ƙona gindi bana kaɗan baɗi kaɗan, ya bushe a tsaye, a ce ikon Allah ne. Gwaggo ta hango hayaƙi daga gari. Tsohuwar da ke dogara kara, waɗanda suka gani sun ce da gudu ta gangara, ta riƙa dumbuzar ƙasa tana watsawa, tana janye karan da hannu, har tafinta ya yi bororo. Aka je gaban mai unguwa. Ya ce al'ada a fili take, itace na mai shi ne, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, ita ma ta dubi yaron nan da bakunan da ke gidansa. Ta ce ta duba. Ta juya wajen Yaya, hannuwanta a naɗe da tsumma, ta ce, "Ni na yi maka wankan jariri. Ka bari in mutu." Tun daga wannan rana, sallama kawai take amsa masa. Shi kuwa bai fasa aiko mata da tuwo ba, kuma da ciwo ya kama ta shi ya riƙa goya ta a babur zuwa Kunci neman magani, ita a baya ta ɗaure fuska.

Da ta kwanta, 'yarta ce ke zuwa sharar Juma'a. In ta dawo Gwaggo ba ta tambayar komai sai, "An taɓa ta?" A ce ba a taɓa ba. Sai ta juya bango ta yi barci.

Mu koma ranar rasuwar. Mu mata muna ciki, an yi mata wanka an sa ta a likkafani, ana jiran maza su ce an gama kabari. Zafi kamar ana gasa mutum, liman yana ta cewa a hanzarta. Kabari a wurinmu, bayan an kwantar da mamaci a ramin ciki, itace ake jerawa a kai, a toshe da ganye da laka, sannan a mayar da ƙasa. To sabuwar maƙabarta ko inda akuya za ta fake babu, 'yan sandunan darbejiyar da ake tarawa a bayan masallaci kuma sun ƙare a wata jana'iza da aka yi kwanan baya. Mu dai mun ji shirun ya yi yawa. Sai iska ta kawo mana ƙarar gatari daga wajen kufai.

Taubashiyata ce ta fara ganewa. Tana riƙe da ƙwaryar ruwa, ta ajiye ta a hankali, ta dube ni. A duk gefen nan, in ka cire kuka wadda itacenta ba ya riƙe ƙasa, itace ɗaya ne ya rage da za a sara. Na ja mayafi zan fita, Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "Gawa tana kwance za ki fita ki yi wa mutane tijara? Zauna." Muka zauna muna jin gatari, Gwaggo tana tsakaninmu a naɗe.

Daga baya ƙanena ya faɗa mini yadda aka yi. Ana ta shawarar wa zai ba da itace, kowa yana kallon ƙasa, don yanzu mai itace ɗaya kamar mai saniya ne. Sai Yaya ya ce, "Tsamiyar tata ce. Duk duniya babu wanda ya fi cancanta ta rufe sai ita." Dattawa suka ce wallahi ya yi magana. Babu wanda ya ce a aiko cikin gida a tambayi 'yarta, ai ba a shawarar kabari da mata. Shi da kansa ya hau, ya zaɓi manyan rassan nan na yamma, masu ba da inuwar hantsi, don su ne miƙaƙƙu. Ƙanena ya rantse mini Yaya yana sara yana kuka, har gatarin yana kuɓuce masa. Na yarda ya yi kuka. Abin da ban sani ba, kuma da shi nake kwana nake tashi, ko don ƙauna ya faɗi maganar, ko kuwa ƙofa ya gani a buɗe. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Haka aka rufe Gwaggo da itacen da ta hana gatari ya taɓa tsawon rayuwarta. Masu dawowa daga maƙabarta suna ta yabawa, wai itace ne mai ƙwari, gara ba za ta ci shi da wuri ba.

Bayan sadakar bakwai malam ya zauna rabon gado. Gwaggo ba ta bar komai ba sai tukwane, da akuya, da tsamiya. Ya ce rabi na 'yarta ne, rabi na 'ya'yan ƙaninta maza. Wani ƙanenmu ya ce ai ba a raba itace yana tsaye, ga shi an riga an raunata shi, ya karkace, iskar farkon damina ma za ta kayar da shi. Aka dubi taubashiyata. Ita kuwa tun muna yara nake tsokanarta cewa ko kaza ce ta ƙwace mata abinci sai ta ba ta haƙuri. Ta dubi mazan nan biyar, a gidansu take zaune tun jinyar uwarta, tuwonsu take ci, ta ce, "Duk yadda kuka gani." Ni na yi magana, na yi har da ta rashin kunya, aka ce ba ni da kaso a ciki, kuma gaskiya ne ba ni da shi. Aka sayar wa masu gawayi, suka zo da inji. Har saiwar suka tone suka tafi da ita.

Da damina ta yi nisa taubashiyata ta zo daga Watari, ni ma na zo. Ta ce in raka ta kufai, tun da aka yi abin hankalinta ya ƙi kwanciya. Muka tarar da Yaya a gonar, an yi huɗa da shanu tun daga iyaka har iyaka, gero ya kai ƙirji. Da ya gan mu ya ajiye fartanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, ina ne wurin 'yan'uwana?"

Ya shiga cikin geron muna biye da shi. Ya tsaya, ya dubi kukar maƙera, ya dubi gari, ya ja da baya, ya tona ƙasa da ƙafa. Ya matsa gaba ya sake tsayawa. Suka juyo gare ni, tunda ni ma an taɓa nuna mini. Na ɗaga kai ina neman abin da zan auna da shi, babu komai sai sarari, kunyoyin duk iri ɗaya. Yaya ya buɗe hannu ya kewaya da shi, ya haɗa kusan rabin gonar, ya ce, "Wajen nan dai."

Ta tsuguna a inda take, ta ɗaga hannu ta yi addu'a. Ta tashi ta matsa wata kunyar, ta sake tsugunawa. Haka ta riƙa bin gonar, ganyen gero yana yankar mata fuska, don kada ta tsallake wani a cikinsu. Yaya ya koma bakin iyaka ya zauna, ya juya mana baya.

Da kaka ya aiko mini da dammuna har Minjibir, kamar yadda ya saba aika wa 'yan'uwa mata. Mai kawowa ya ce bana gonar kufai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, rumbun Yaya ya cika har da ragowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ban mayar ba. Na sussuke, na surfa, na kai niƙa, na tuƙa, yarana suka ci suka ƙoshi suna santi. Ni na zuba nawa a kwano, na zauna a gabansa har ya sandare, na kasa kai loma.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta, ya hutar da ita daga faɗa. Ya haɗa ta da yaranta huɗu a can, tunda a nan mun ɓatar mata da su.